Wa za ka ba amanar ruwan gidanka: hukuma, kamfani, ƙungiyar gari ko rijiyarka?

A babban birni ba kasafai ake tambayar mutum wanda yake so ya ba shi ruwa ba, bututun da ya ratsa layinsa shi ne nasa. A ƙaramin gari da ƙauyukan da ke raɓe da shi lamarin daban ne. Za ka tarar bututun hukumar ruwa ya tsaya a tsakiyar gari, wani ɗan kamfani ya ja nasa zuwa sababbin unguwanni, ƙungiyar mazauna tana da tankinta a kan tudu, maƙwabcinka kuma ya haƙa burtsatse yana ce maka kai ma ka huta da jiran kowa. Kuɗin haɗi ba ƙarami ba ne, kuma da zarar an fasa ƙasa an binne bututu, sauya sheƙa sai da asara. Don haka gara a yi lissafin tun kafin a ɗauki diga.

Tambayar da na fi ba nauyi ita ce: ranar da injin ya tsaya, wa zai gyara, da wane kuɗi, cikin kwana nawa? Kowane mai ba da ruwa gwani ne a watan farko. Sai an yi rani biyu ko uku ake gane na ƙwarai.

Ma'aunan da za a auna kowa da su

Fara da sanin abin da gidanka ke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana ga mutum ɗaya a matsayin mafi ƙarancin abin da za a lallaɓa da shi, lita 50 kuma ita ce za ta wadatar da sha, girki, wanka da wanki ba tare da ƙunci ba. Gida mai mutum takwas ke nan yana neman lita 400 a rana, wato lita 12,000 a wata. Masu mita suna lissafi da kubik mita, kowace ɗaya lita 1,000 ce, saboda haka wannan gida kubik mita 12 yake buƙata. Riƙe naka adadin a ka, da shi za ka kwatanta kowane farashi da aka gaya maka, ko na mita ne, ko na wata, ko na jarka.

Na biyu, awa nawa ruwan ke zuwa. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin maganar jin daɗi kawai, alhali maganar lafiya ce. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana, in ya tsage, ruwa ne ke fita daga cikinsa. Bututun da ake ɗauke wa ruwa kuwa, da zarar ya zama fanko sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan tsagar, in ta gefen kwata ya bi, ruwan kwatar zai sha. Shi ya sa ruwan farko da ke fitowa bayan an daɗe da ɗaukewa yakan zo da launi da wari. Wanda ke ba ka awa huɗu kullum a kan lokaci sananne ya fi wanda ke ba ka yini guda cur sannan ya ɓace mako guda, amma dukansu ba su kai wanda bututunsa ba ya bushewa ba.

Na uku, tsafta, kuma ido ba ya auna ta. A 1854, lokacin annobar kwalara a Landan, likita John Snow ya bi gida-gida a unguwannin da kamfanoni biyu ke raba wa ruwa, bututansu na bin tituna ɗaya. Kamfanin Lambeth ya riga ya mayar da wurin ɗibarsa can saman kogin Thames, nesa da ƙazantar birni, shi kuwa Southwark and Vauxhall yana nan yana ɗiba a inda magudanai ke zuba. A makonni bakwai na farko, mutum 315 suka mutu a cikin kowane gida 10,000 na kamfani na biyu, 37 kacal a na farko. Maƙwabta ne, iska ɗaya suke shaƙa, bambancinsu kawai wanda suke biya kuɗin ruwa. Abin da za ka nema a yau shi ne takardar gwaji ta kwanan nan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100, kuma kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ya rage a ruwan lokacin da ya iso famfonka kada ya gaza miligiram 0.2 a lita. Ɗan ƙamshin kulorin da wasu ke ƙyama, alama ce ta cewa wani yana aikinsa.

Na huɗu, kuɗi na gaskiya: haɗi, mita, tankin ajiya, kuɗin wata, da ruwan da za ka saya a ranakun da famfo ya yi shiru. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ambata shi ne kada ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu.

Sai kuma inda gidanka ya faɗo a kan layi. Ruwan tanki nauyinsa ne ke tura shi: duk tsayin mita 10 yana ba da ƙarfin turi kusan ɗaya a ma'aunin da masu famfo ke kira "bar", kuma ƙarfin yana raguwa da nisan bututu, da ƙanƙantarsa, da yawan masu buɗe famfo a gabanka. Ƙauyen da ke wutsiyar layi, ko gidan da ke kan jigawa, shi ne na ƙarshe a samu kuma na farko a rasa. Na ƙarshe a ma'aunan, ina za ka kai kuka a saurare ka.

Hukumar ruwa ta gwamnati

Ƙarfinta a bayyane yake. Ita ce ke da madatsa ko manyan rijiyoyi, da matata, da injiniyoyi, da ɗakin gwaji, abubuwan da ƙaramin mai ba da ruwa ba zai iya ɗauka ba. Farashinta a kan lita galibi shi ne mafi sauƙi, domin gwamnati na tallafa masa, kuma doka ta ɗora mata alhakin kowa, har da wanda ba shi da hali. Manyan bututan roba da ake binnewa yanzu ana ƙera su ne don su kai kimanin shekara 50.

Matsalarta ga ƙaramin gari ita ce nisa. Ofishin da ke sa hannu a kan kuɗin gyara yana babban birni, kuma idan kuɗi ko man inji ya yi ƙaranci, birnin ake fara ji da shi. Arahar farashin ma takobi ce mai kaifi biyu: inda abin da ake tarawa bai kai kuɗin aiki ba, gyara sai ya jira kasafi, kasafi kuma ba ya gaggawa.

Na taɓa zama a gidan da ke ƙarshen irin wannan layi. Mukan bar famfon tsakar gida a buɗe da bokiti a ƙarƙashinsa, can cikin dare sai ka ji ya fara huci kamar maciji, minti goma ko fiye iska ce zalla ke fita kafin ɗigon farko. Wani dare na haska mitar da tocila, sai ga allurarta tana ta juyi ba ruwa ko ɗis. Iskar da ta cika bututu ce ke kaɗa ta, kuma a ƙarshen wata an lissafa mana ita. Wannan halin mita mai farfela ne a duk inda ake ɗauke ruwa, maganinsa ka rufe makullin da ke gaban mitar har sai ruwan ya iso, ko a sa bawul mai fitar da iska a kan layin.

Ka tambayi tsarin farashinsu ma. Hukumomi da yawa suna amfani da farashi mai hawa-hawa: kubik mitocin farko da araha, na gaba da tsada. An yi shi don talaka, amma gidan yawa, ko gidaje uku da suka haɗu a mita ɗaya, nan da nan suke tsallakawa hawa mai tsada. In haka ne, kowane gida ya nemi mitarsa.

Kamfani mai zaman kansa

Nan akwai iri biyu, kuma kada ka haɗa su. Akwai wanda hukuma ta ba kwangilar gudanar da kayanta: rijiyoyi da tanki na jama'a ne, shi aikinsa turawa, gyara da karɓar kuɗi, farashi kuma a rubuce yake cikin yarjejeniya. Akwai kuma wanda ya haƙa da kuɗinsa, ya ja bututunsa, yana yanka farashin da ya ga dama.

Abin da ya haɗa su shi ne cewa ranar da ruwa bai zuba ba, ba su ci ba. Wannan kaɗai yana sa gyara ya yi sauri, kuma za ka samu lambar wayar da ake ɗauka. Da yawa suna sa mita ta biya-kafin-sha, wadda ke kawar da rigimar takardar kuɗi, sai dai kuma ranar da aljihu ya bushe famfo ma ya bushe, ba lamuni. Farashinsu ya fi na hukuma, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ba mai tallafa musu.

Haɗarin iri na biyun, wato mai cin gashin kansa, ya fi girma. Zai iya sayar da kasuwancin, ko ya ƙara kuɗi a tsakiyar rani lokacin da ya san ba ka da mafita, ko ya yi tsimi a inda ido ba ya gani, wato kulorin da gwaji. Kuma kamfani yana bin inda gidaje suka yi cunkoso ne; ƙauye mai gida talatin a nisan kilomita huɗu ba ya cikin lissafinsa sai in yarjejeniya ta tilasta masa. Kafin ka biya, nemi ganin lasisinsa, ka san wa ke sa masa ido, ka kuma tabbatar an rubuta tsawon sanarwar da zai bayar kafin ƙarin farashi.

Ƙungiyar masu amfani da ruwa

Wannan ce na fi so a raina, kuma ita na fi jin tsoro a kanta. Tsarinta mai sauƙi ne: burtsatse ɗaya ko biyu, famfo mai aiki da hasken rana ko janareta, tanki a sama, famfunan unguwa, da haɗin gida ga mai hali. Mazauna suke zaɓen kwamiti, su suke yanke kuɗin wata. Ba riba ake nema ba, don haka farashi yakan yi sauƙi, kuma wanda za ka kai wa kuka mutum ne da kuke haɗuwa kullum a hanya. Ga ƙauyukan da hukuma ba ta kai ba kuma kamfani bai ga riba ba, sau da yawa ita ce kaɗai bututun da za su taɓa gani.

Abin da ke kashe ta sananne ne. Ana yanke kuɗin wata daidai da kuɗin mai da ɗan alawus ɗin mai kula, ba a ware komai don babbar ɓarna. Shekara uku komai lafiya, sai famfon cikin rijiya ya ƙone, a buɗe asusu a tarar wayam. Daga nan sai karo-karo, wasu su bayar, wasu su ce sai sun ga ruwa, wata biyu su wuce, mutane su koma tsohuwar rijiya. Hasken rana ya ƙara wa wannan tarko daɗi, domin tunda ba a sayen mai sai a ɗauka ruwan kyauta ne. Faifan sola yana iya kai shekara 20 zuwa 25, amma famfo da na'urar da ke sarrafa wutarsa ba sa jiran wannan wa'adi. Ga kuma kunya: ma'aji ba zai iya yanke wa surukinsa ruwa ba, in kuwa aka ɗaga wa mutum biyar ƙafa, saura ma sun daina biya.

Sannan akwai ƙwarewa. A watan Mayun 2000, a Walkerton, wani ƙaramin gari a Kanada mai mutum ƙasa da 5,000, ruwan sama mai yawa ya wanke kashin shanu zuwa wata rijiya marar zurfi da garin ke sha. Masu kula da ruwan ba su da horon da ya dace, ba sa zuba kulorin yadda ya kamata, kuma suna cike littafin gwaji da lambobin da ba su auna ba. Mutum bakwai suka mutu, sama da 2,000 suka kwanta. Hukumar gari ce ke riƙe da ruwan can, amma darasin ya shafi duk ƙaramin tsarin da lafiyar jama'a ta rataya a wuyan mutum ɗaya ko biyu ba mai duba bayansu.

Don haka idan ƙungiya ce a gabanka, je taronta sau ɗaya ka nemi abu uku: littafin shiga da fita, asusun banki na gyara wanda mutum ɗaya ba zai iya cira shi kaɗai ba, da sunan makanikin da suka yi yarjejeniya da shi. Ƙungiyar da ta nuna maka waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, shiga ka kuma riƙa zuwa taro. Inda ƙauyuka uku ko huɗu suka haɗa asusu suka ɗauki ma'aikaci ɗaya mai albashi, abin ya fi ɗorewa nesa ba kusa ba.

Burtsatse ta gida

'Yanci ne, amma ka sani ranar da ka haƙa ka zama hukumar ruwan kanka: kai ne injiniya, kai ne ɗakin gwaji, kai ne asusun gyara. Kuɗin farko shi ne mafi nauyi a duk zaɓin, kuma ba tabbas, ana iya haƙawa a tarar ba ruwa ko a samu na zartsi. Kada ka yarda a fara ba tare da binciken ƙasa ba, kuma a rubuta wanda zai ɗauki asara in rami ya fito busasshe. A nisanta ta da masai aƙalla mita 30, har da masan maƙwabci, abin da ke da wuya a ƙaramin fili.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito garau, kuma garau ɗin ne ke yaudara. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu tun daga shekarun 1970 don a tsere wa cututtukan ruwan tafki, sai a shekarun 1990 aka gano gubar asenik a cikin da yawansu, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya mata miligiram 0.01 ce a lita, ta fuloraid 1.5, ta naitiret 50. Fuloraid in ya yi yawa yana ɓata haƙori, in ya ƙara yawa ya taɓa ƙashi; naitiret, wanda ke zuwa daga taki da masai, jarirai ya fi yi wa illa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ko ɗaya daga cikin ukun nan. Gwaji kafin a fara sha wajibi ne, na ƙwayoyin cuta kuma a maimaita shi duk shekara.

Tanka da 'yan garuwa

Ba kuɗin haɗi, ba jira, amma a kan lita su ne mafi tsada, kuma ba ka san inda aka ɗebo ba sai ka bi su ka gani. Madogara ce ta ranar ɓarna. Wanda ya mai da su hanyar kullum, ya ninka kuɗin jarka da buƙatar gidansa ta wata ya gani da idonsa.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin kullum | Saurin gyara | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Hukuma | Matsakaici | Ƙasa | Jinkiri | Kaya masu ƙarko | Yawan ɗaukewa, raunin turi a wutsiya |
| Kamfanin kwangila | Matsakaici | Matsakaici | Sauri | Gwargwadon kwangila | Sakacin mai sa ido |
| Kamfani mai cin gashin kansa | Matsakaici zuwa sama | Sama | Sauri | Ya rataya ga mai shi | Ƙarin farashi, rashin gwaji |
| Ƙungiya | Ƙasa | Ƙasa | Ya danganta da asusu | Ya danganta da asusu | Asusu wayam, ƙarancin horo |
| Burtsatse ta gida | Sama ƙwarai | Wuta da gyara | A hannunka | Mai kyau in an haƙa daidai | Busasshen rami, guba marar launi |
| Tanka da garuwa | Babu | Mafi tsada | Ba ya tasowa | Babu | Tushen da ba a sani ba |

To wanne ya dace da wa?

Kafin komai, gani ya kori ji. Je gida uku da ke kan layin da kake son shiga, musamman wanda ya fi naka nisa da tanki, ka tambayi matan gidan, su ne suka san ranar da famfo ya yi shiru. Tambaye su yadda aka yi a ranin da ya wuce, kada ka tsaya a kan wannan makon.

Idan gidanka yana cikin gari, kusa da babban bututu, kuma ruwan hukuma na zuwa a kan lokaci sananne, haɗa da ita ka sayi tankin da zai riƙe ka kwana biyu ko uku. Ga gidan mutum takwas, lita 800 zuwa 1,200 ke nan. Ka bar ruwan ya shiga tankin ƙasa da kansa sannan ka tura shi sama. Jona inji kai tsaye a bututun titi yana ƙwace rabon maƙwabta, yana kuma zuƙo ƙazanta cikin layin kowa.

Mai sana'ar da ke tsayawa cak in ba ruwa, kamar wanki, masauki ko ƙaramin asibiti, kamfanin da ke da lasisi da rubutacciyar yarjejeniya ya fi masa, ko da ya fi tsada, tare da tanka a matsayin madogara. Ɗan haya ko wanda bai tabbatar da zamansa ba, kada ya binne kuɗinsa a ƙasar wani: mita ta biya-kafin-sha ko famfon unguwa sun ishe shi.

Ƙauyen da ke gefe, wanda bututun gari zai iso masa a gajiye, ƙungiya ce hanyarsa, da sharaɗin a buɗe asusun gyara tun ranar da aka buɗe famfo, kuma a nemi haɗa kai da ƙauyukan kusa. In hukuma ta yarda ta sayar wa ƙungiyar ruwa a dunƙule ta mita ɗaya babba a bakin ƙauye, su kuma su raba a tsakaninsu, an haɗa tacewar hukuma da kusancin ƙungiya, kuma wannan tsari ya cancanci a nema.

Burtsatse ta gida kuwa ta mai fili mai faɗi ce, mai dabbobi ko lambu, ko wanda ba bututun kowa a kusa da shi, kuma yana da abin da zai sayi sabon famfo ranar da na ciki ya ƙone ba tare da ya ci bashi ba. Ko shi ma, in akwai layin jama'a a ƙofar gidansa, ya bar haɗinsa a raye yana biyan mafi ƙarancin kuɗin wata, amma kada bututun rijiyarsa ya haɗu da na titi ko ta wace gaɓa.